Ranar da Jan Biro Ya Ba da Goma

A ofishin nan na hawa na biyu, saman shagon masu sayar da fanka da ƙwan lantarki, babu mai kiransa da sunan yanka. Jan Biro ake ce masa, daga maigadi har Manaja, sai dai in a gabansa ne a sakaya a ce Malam. Sunan ya biyo shi ne daga makarantar sakandaren da ya daɗe yana koyar da insha'i, inda ɗalibai suka rantse cewa ko katin gayyata ka miƙa masa sai ya ja layi a ƙarƙashin wata kalma kafin ya duba ranar taron. Bai taɓa ba ɗalibi goma bisa goma ba. Cewa yake yi goma ta wanda bai yi kuskure ba ce, shi kuwa har yanzu bai haɗu da mutumin ba.

Gajere ne mai ɗan tumbi, kullum aljihun rigarsa da tabon jar tawada wanda matarsa ta yi ta yaƙi da shi har ta sallama. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Idan ya ja maka layi, zai zauna ya yi ta nuna maka dalili har ka ce ka gane, ko don ka samu ka tashi. Abin da ba ya iyawa kawai shi ne ya ga kuskure ya wuce, kamar yadda wasu ba sa iya ganin hoto a karkace a bango su ƙyale shi.

Da aka rufe makarantar aka sayar da filin ga masu gina shaguna, ya yi watanni a gida yana gyara wa mai karanta labarai a rediyo nahawu, matarsa na fama da sauraron su biyun. Dogo ne ya fitar da shi. Dogo maƙwabcinsu ne tun suna yara, ya girme shi, shi ya riƙa riƙe masa hannu zuwa firamare, don haka har furfura ta fito musu Yaya yake kiransa. Sana'ar Dogo tun yana saurayi ita ce rubuta 'yan littattafan nan da ake samu a cikin kwalin rediyo ko keken ɗinki, waɗanda ba mai buɗewa sai abu ya lalace. Da zamani ya juya wani kamfanin manhaja ya ɗauke shi aiki, shi kuma ya je gaban Manaja ya ce yana da ƙane wanda idan suka ɗauke shi za su yi kuka, amma aikinsu zai yi kyau.

Abin da kamfanin yake sayarwa wata manhaja ce mai ƙirƙirarriyar basira, wadda kowa a ofis yake kira Ɗan Aike. Asibiti ko makaranta ko kanti suna da rumbun bayanai a kwamfuta, inda sunaye da ranaku da duk wani abu nasu yake ajiye. Maimakon ma'aikaci ya yi ta lalube, sai ya gaya wa Ɗan Aike abin da yake so da maganar yau da kullum, shi kuma ya shiga rumbun ya yi. Amma ba ya shiga hannu rabbana. An tanadar masa kayan aiki, wani na nema, wani na ƙarawa, wani na gyara, wani na gogewa, kuma kowanne da ɗan bayani a jikinsa kamar rubutun jikin kwalbar magani. Ɗan Aike ba ya leƙa cikin kwalba, abin da aka rubuta a jiki shi yake yarda da shi. Su Dogo ne masu rubuta bayanin, Jan Biro kuma shi yake dubawa ya ba da maki kafin a saki.

Ya ƙi duba aiki a fuskar kwamfuta. Sai an buga masa a takarda, ya shimfiɗa ta a tebur, ya cire murfin biro da haƙori. Sannan ya fara yi wa takardar tambayoyi kamar alƙali. Ta faɗi abin da kayan aikin yake yi? Ta faɗi abin da ba ya yi? Idan ya yi, ana iya warwarewa, ko aikin gama ya gama? Baƙon da bai san kowa ba, idan ya karanta, zai iya fahimtar abu biyu? Dokar ofis ita ce bayanin duk wani kayan aiki mai gogewa ba ya wucewa da jan layi ko ɗaya a jikinsa, dole ya koma wurin mai shi. Kuma ko ya dawo a gyare tsaf, tara Jan Biro yake ba shi. Ɗayan, in ji shi, ladan biro ne.

Takardun Dogo su suka fi kowanne zirga-zirga. Ba don bai iya rubutu ba, Hausarsa kamar ka lasa don daɗi. Matsalarsa ya saba rubuta wa mutane.

"Haba Malam, ai mai hankali zai gane," haka yake cewa ta saman katakon da ya raba teburansu.

"Yaya, Ɗan Aike ya fi ni da kai karatu, amma ba ya ganin fuska, ba ya jin murya. Abin da ka bari a ranka, a ranka zai kwana."

"Kai dai tun kana yaro kake da tsegumi."

Sai ya yi tsaki ya karɓi takardar ya gyara. Da rana kuma su sauka tare wurin mai shayi kamar ba abin da ya faru.

Wata safiya Manaja ta kira Jan Biro ofishinta ta ce ya rufe ƙofa. Mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba.

"Malam, maganar Yayanka ce. Aikinsa yana yawan dawowa, na sama kuma suna gani. Sun ce hannunsa na da ne. Yanzu ga aikin asibitin ido a hannunsa. Idan shi ma ya dawo, ba ni da sauran bakin kare shi."

"Ranki ya daɗe, ai dawowar ba ta nufin..."

"Na sani. Ni na sani, su ba su sani ba. Na gaya maka ne don kai kaɗai kake iya yi masa magana ya ji."

Ya ce to. Ya fito da niyyar yin maganar a wurin mai shayi. A wurin mai shayi Dogo ya ɓarke da labarin jikarsa da ta fara tafiya, har yana tashi yana kwaikwayonta, sai Jan Biro ya bar maganar zuwa gobe. Gobe ta zo da nata uzurin. Ta yaya ma zai fara? Ya dubi mutumin da ya riƙe masa hannu zuwa makaranta, wanda ya kawo shi wurin nan, ya ce masa an ce ka tsufa? Bakinsa ya yi nauyi, ya yi ta ɗage maganar har takardar ta iso teburinsa.

Dogo da kansa ya kawo ta, yana murmushi.

"Malam, wannan karon sai dai biro ɗinka ya yi azumi. Na tace ta, na sake tacewa, har Yayarka uwargida na karanta wa."

Kuma gaskiya ya yi ƙoƙari. Bayanin na nema tsaf, na ƙarawa tsaf, na gyara ba inda za ka sa allura. Jan Biro yana karantawa yana jin sanyi a ransa, har ya iso na ƙarshe. Layi ɗaya ne: "Wannan yana share sunaye daga jeri."

Idonsa ya tsaya cak a kan kalmar. Share. Ana share ɗaki, ana share hawaye, ana share mutum idan ya dame ka da surutu, kuma duk cikinsu babu wanda yake ɓacewa daga duniya. Shi kuwa wannan kayan aikin, ya sani sarai, gogewa yake yi gaba ɗaya, suna da duk abin da ke rataye da sunan, ba dawowa. Abin da takardar take bukata bai wuce a canja kalmar ba, a ƙara cewa ba a warwarewa, kuma kada a taɓa sai an tambayi mutum.

Ya cire murfin biro. Ya leƙa ta saman katako. Dogo yana ɓare lemo da farce yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa, tabarau a kan goshi. Tsakaninsu bai wuce a miƙa hannu ba. Sai zuciya ta fara yi wa Jan Biro huɗuba irin tata: ai Ɗan Aike yana da wayo, ai mutanen asibiti ba yara ba ne, ai wa zai ce a share wani abu a asibiti? Wato dai mai hankali zai gane. Ya mayar da murfin. Can ya sake cirewa, ya rubuta goma bisa goma a saman takardar, ya sa hannu.

Ofis ya ɗauki sowa. Wata ta ɗauki hoton takardar da waya, wani ya ce a duba waje ko rana ta fito daga yamma. Aka yi wa Dogo tafi, ya miƙe duk tsawonsa ya rusuna kamar ɗan wasa. Amma da ya zo karɓar takardar, ya ɗan tsaya yana kallon Jan Biro fiye da yadda ya saba. Jan Biro ya duƙa yana neman abin da bai faɗi ba a ƙarƙashin tebur.

Makonni suka wuce lafiya, har ya fara yarda da huɗubar zuciyarsa. Sai ranar da akawun asibitin, wata baiwar Allah da layi ya yi wa yawa, ta ce wa Ɗan Aike: "Share waɗanda aka riga aka yi wa aiki, nuna mini masu jira kawai." Ita nufinta ya ƙyale su, ya kawar mata da su daga gabanta. Ɗan Aike ya duba kayan aikinsa, ya ga wanda aka rubuta yana share sunaye daga jeri, babu gargaɗi, babu a tambayi kowa. Ya ɗauka ya yi aikinsa da kyau. Duk wanda aka yi wa aikin yanar ido ya fita daga rumbu, da wane ido aka taɓa, da maganin ɗigawar da aka ba shi, da ranar dawowarsa. Akwai ajiyar bayanai ta ko-ta-kwana, amma tsohuwa ce, na baya-bayan nan duk ba sa ciki.

Aka kira taro. Manaja ta ajiye takardar a tsakiyar tebur, fara fat, ga goma da jar tawada a samanta.

"Malam, ka ga kalmar nan lokacin da ka duba?"

Ya ji bakinsa yana cewa, "Ta shige mini, ranki ya daɗe."

Babu wanda ya yi musu, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai. Shekarun da ya yi yana gaskiya su suka tsaya wa ƙaryarsa shaida. Manaja ta ce kowane gwani da ranar kuskurensa. Amma masu asibiti sun ce ba za su ci gaba da hulɗa ba sai an cire hannun da ya rubuta bayanin, na sama kuwa dama abin nema ya samu. Dogo bai ja da kowa ba.

"Ni na rubuta," ya ce. "Hannuna ne."

Ya kwashe kofinsa da matashin kujerarsa da tsohon ƙamusunsa a kwali. Jan Biro ya riƙe masa kwalin har bakin titi, suna maganar zafin gari da tsadar taya. Da mota ta tsaya Dogo ya karɓa ya ce, "Sai mun yi waya," ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga.

Kamfani ya tura ma'aikata asibitin su taya sake shigar da sunaye daga katin da marasa lafiya suke riƙe da shi, aka sa Jan Biro a ciki. Aka ba shi ɗan tebur a baranda, yana fuskantar dogon benci cike da tsofaffi, kowa da auduga da filasta a ido ɗaya. Masu kati da sauƙi. Waɗanda katinsu ya ɓata ko ruwa ya cinye shi kuwa sai sun jira likita ya sake duba su tun daga farko, likita kuma ɗaya ne. Wani dattijo da 'yarsa ta rufe shagonta ta rako shi, zuwansu na biyu ke nan daga nesa, ya karkato da lafiyayyen idonsa wajen Jan Biro.

"Ɗana, kai ne na wajen masu na'urar?"

"Ni ne, Baba."

"An ce wai ta share ni. To ni me na yi mata? Ko gaisawa ba mu taɓa yi ba."

Mutanen benci suka yi dariya, 'yar dattijon ma ta yi. Jan Biro bai taya su ba, ya jawo sabon kati gabansa. Dattijon ya ci gaba da cewa maganin ɗigawarsa ya ƙare, bai san sunansa ba, kwalbar dai mai farin murfi ce, idon kuma ya fara yi masa ƙaiƙayi. Jan Biro ya rubuta sunansa a sabon kati da baƙin biro na asibiti. Tun daga ranar ya daina sa jan biro a aljihu, sai ya bar shi a durowar ofis.

Matarsa ce ta fara lura, don riguna sun daina zuwa wanki da tabo. Abinci ma sai ya yi ta juya cokali, mai karanta labarai ya yi ta zuba kurakurai a rediyo ba mai tanka masa. Wata yamma tana guga ta ajiye dutsen a tsaye.

"Malam, ko dai ka faɗa mini ko in je in tambayi Yaya."

Ya faɗa mata duka, har da lemon da Dogo yake ɓarewa. Ya ƙare da cewa, "Tausayinsa na ji. Rufa masa asiri na so in yi."

Ta ninke rigar da ke hannunta, ta ɗora a kan 'yan uwanta.

"Tebur ɗinsa a wani gari yake?"

"Kamar yaya?"

"Na ji ka ce in ka miƙa hannu za ka taɓa shi. Ba sai ka ja shi gefe ba? Ya janye takardarsa ya gyara, wa zai sani?"

"Ai da sai na gaya masa abin da Manaja ta ce."

"To." Ta ɗauki dutsen. "Ashe ba shi ka tausaya wa ba, Malam. Bakinka ka tausaya wa."

Ya so ya yi fushi, ya nemi inda zai ja wa maganar layi, ya rasa.

Ranar hutu da hantsi ya kama hanyar gidan Dogo, yana tafe yana tsara jimloli yana rushewa. Matar Dogo ce ta buɗe masa.

"A'a, yau ƙanen miji ya tuna da mu? Shigo, yana baya wurin tumatirinsa."

Dogo yana zaune a inuwar bango da singileti, ga bokitan da ya shuka tumatir a ciki, ga wasu takardu a kan kujera an danne su da dutse. Ya rame kaɗan. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka kawo shayi. Jan Biro ya riƙe kofin da hannu biyu.

"Yaya, kalmar nan..."

"Ba ta shige maka ba. Na sani."

Jan Biro ya ɗago.

"Na ga ka cire murfi, na ga ka mayar. Kai da ƙuda ba ya wuce ka a takarda?" Dogo ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Ni ma ba wankakke ba ne. Da na ga goma na san akwai abu. Da na tambaye ka. Amma ana tafa mini, Malam, rabon da a tafa mini har na manta. Sai na naɗe takardata na yi shiru."

"Manaja ta ce idan aikinka ya sake dawowa..."

"Wannan ma na ji daga baya."

"Zan je in gaya mata gaskiya."

"Ka je, don kanka. Ba zai mayar da ni ba, ba zai mayar wa mutanen asibiti wahalarsu ba." Ya kurɓi shayi, ya ji da zafi, ya ajiye. "Ka san abin da ya fi korar yi mini ciwo? Duk shekarun nan da kake ja mini layi ina tsaki, na san ma'aikaci kake ɗaukata. Ranar nan kuwa ka leƙo ka ga wani tsoho wanda layi ɗaya zai karya shi. Na sama sun ce na tsufa, ban damu ba, ba su san ni ba. Amma kai ka sa hannu."

Jan Biro ya rasa inda zai sa idonsa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta barin mutum ko ya ba da haƙuri, don haƙurin ma ya yi ƙanƙanta.

Dogo ya ɗage dutsen ya zaro takarda ɗaya.

"Wani mai haɗa injin ban ruwa ya ce in gwada rubuta masa littafin cikin kwali. In ya yi masa, zai riƙa ba ni aiki. Duba mini."

Jan Biro ya shafa aljihu. "Ban zo da biro ba, Yaya."

Dogo ya ɗaga murya ya kira matarsa, ta leƙo, ya ce ta duba cikin kwalin da ya dawo da shi daga ofis. Ta dawo da jan biro, ɗaya daga cikin waɗanda Dogo ya saba ɗaukewa daga teburin ƙanensa don tsokana.

Jan Biro ya shimfiɗa takardar a gwiwa. A layi na uku ya gani: "A kashe kafin a buɗe murfi." A kashe me? Injin, ko wutar da ke shiga injin? Mai hankali zai gane, wanda bai gane ba kuma hannunsa ne zai gaya masa. Ya cire murfin biro da haƙori. Layin ya fito a karkace, amma ya ja shi. Ya miƙa.

Dogo ya sauko da tabarau daga goshi, ya duba, ya yi tsakinsa na da. Ya karɓi biron, ya soke jimlar, ya rubuta a samanta cewa a kashe injin, a zare wayar daga bango, sannan a buɗe murfi. Ya juyo da takardar.

"Ya yi?"

"Ya yi, Yaya."

"To ka gani," in ji Dogo, yana mayar da murfin biron a hankali. "Iyakar abin ke nan fa, Malam. Abin da ka hana ni ke nan."

Jan Biro ya dubi kofin da ya ajiye a gefen ƙafarsa. Shayin ko hucewa bai yi ba, amma ya kasa ɗauka.